Ba Gidan Kallo Ne Ya Kashe Ƙwallon Makaranta Ba

Duk majalisar da tsofaffin 'yan makaranta suke zama, daga bakin titin Kura zuwa Bunkure da Garun Malam, idan hira ta biyo ta kan ƙwallo wuri ɗaya take sauka. Za a tuno ranar wasa a kwaleji a shekarun 1960 da 1970, yadda makaranta take ɗaukar harama tun da sassafe, yadda ake tashi daga aji da wuri, yadda ake raka 'yan wasa fili da ganga da tafi. Sai a numfasa a ce duk wannan ya wuce, kuma gidan kallon ƙwallon Turai ne ya kashe shi. Wai tun da aka kawo tauraron ɗan adam da janareta, yaro ya gwammace ya biya kuɗi ya zauna a benci ya kalli Arsenal da Chelsea, da ya je filin makarantarsu ya mara wa 'yan ajinsu baya. Masu wannan magana iyayenmu ne da yayyenmu, wasunsu ma su suka riƙe mana alli a aji. Ina neman afuwarsu, domin a wannan gaɓa fahimtata ta saɓa da tasu.

Kewar da suke yi ta gaskiya ce, kuma abin da suke kewa ya isa a yi kewarsa. Tun ana jajibere 'yan aji ɗaya suke fita da lauje da fartanya su gyara fili. A ɗebo toka daga kicin a bokiti, a ja igiya, a bi ta da tafin hannu ana zuba layi. A fito da raga daga sito a ɗinke inda ɓera ya taɓa. Malamin wasanni ya buɗe akwatinsa ya raba riguna, waɗanda sau da yawa ba su wuce na masu shiga fili ba, har idan an yi canji sai mai fita ya tuɓe tasa da guminta ya miƙa wa mai shiga. Baƙi su iso a bayan babbar mota, ƙura har gira, suna buga jikin motar suna waƙar makarantarsu. Ana idar da sallar la'asar sai ka ga an jera kujerun ofishin malamai a gefen fili, shugaban makaranta a tsakiya, hakimi ko wakilinsa a damansa, mutanen gari sun zagaye fili da kekuna, masu rake da gyaɗa suna ta ciniki. A hutun rabin lokaci a raba lemon zaƙi da ɗan garin gulukos a tafin hannu. Wanda ya zura ƙwallo a ranar, a ɗakin cin abinci ma sai an san da zamansa, kuma sunansa zai yi shekaru yana yawo a bakin 'yan baya. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, ba wanda ya isa ya ce masa kada ya yi begensa.

Kuma abin bai tsaya ga nishaɗi ba. Daga makarantu ake zaɓo 'yan wasan da ake kira Academicals, waɗanda suke karawa da takwarorinsu na Gana a shekarun 1960. Kwalejin Christ the King ta Onicha ta je Dublin a 1977 ta ɗauko kofin makarantun sakandare na duniya. Kwalejin St. Finbarr's ta Legas, wadda Fada Denis Slattery ya kafa, ita ta yaye Stephen Keshi da Henry Nwosu. A nan arewa kuwa, makarantu irin su Barewa, wadda ta faro daga Katsina a 1921, da Rumfa ta Kano, wadda ta faro a matsayin midil a 1927, sun ɗauki wasanni wani ɓangare na tarbiyya, daidai da aji da masallaci da gona. A kan duk wannan babu saɓani tsakanina da dattawanmu. Inda muka rabu shi ne a kan mai laifi.

Mu fara da kalanda, domin ita ba ta son kai. An soma gasar Firimiya ta Ingila a 1992. DStv ya fara aiki a 1995. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, kuma daga nan ne son ƙungiyoyin Ingila ya game unguwanni. Gidajen kallo ba su yawaita a garuruwa irin namu ba sai a shekarun 2000, lokacin da ƙaramin janareta ya yi araha. To ina tambayar duk wanda ya yi sakandare a ƙarshen shekarun 1980: sau nawa aka ɗebe ku a mota aka kai ku wata makaranta wasa? Yawancin amsoshin da nake ji ba su wuce "jefi-jefi" ko "ba a taɓa ba". Ko gasar kofin Shell ta makarantun sakandare da aka ƙirƙiro a 1998, ai alama ce ta cewa ƙwallon makaranta ta riga ta jigata har tana neman mai tallafi daga waje. Wanda ya iso bayan an yi jana'iza ba za a tuhume shi da kisa ba.

Sa'an nan sha'awar ƙwallon ƙetare ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A watan Afrilu na 1978 Pele ya sa rigar Fluminense ta Brazil ya buga da Raccah Rovers ta Kano a Kaduna, kuma a wannan shekarar ce Raccah ta zama zakaran gasar Nijeriya. 'Yan kwalejin wancan zamani sun san Pele, sun san Liverpool, suna liƙa hotunan 'yan wasan Turai a jikin akwatinsu na ƙarfe, suna laƙaba wa gwanayensu sunayen waɗannan taurari. Wannan bai hana su cika filin makaranta da la'asar ba. Zuciyar matashi tana da faɗin da za ta ɗauki Pele ta kuma ɗauki mai tsaron gidan ajinsu.

Ban ce talabijin ba ya janye 'yan kallo ba. Yana janyewa, kuma ƙasashen da suka riga mu sanin haka sun ɗauki mataki tun da wuri. A Amurka, inda ɗaliban jami'o'in Rutgers da Princeton suka yi karon farko tun 1869, ƙwallon kwaleji irin tasu ta ɗauka da hannu har yau tana cika filaye. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000, a ƙasar da kusan kowane gida yake da talabijin. Sirrin bai ɓuya ba. Majalisarsu ta yi doka a 1961, aka faɗaɗa ta a 1966, wadda ta taƙaita nuna wasannin ƙwararru a talabijin a daren Juma'a da ranar Asabar a lokacin kakar wasan makarantu. Daren Juma'a ya zama na 'yan sakandare, Asabar ta 'yan jami'a, Lahadi ta ƙwararru. A Ingila kanta, wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar da muke kallo kai tsaye a Kura, mutumin Landan ba ya ganin su kai tsaye a talabijin ɗinsa, domin tun shekarun 1960 aka hana nuna ƙwallo a wannan lokaci don kada ƙananan filaye su zama kufai. A Japan gasar ƙwallon sakandare ta haura shekara 100, ana nuna ta a talabijin, kuma wasan ƙarshe yana tara mutum sama da 50,000 a babban filin Tokyo. Waɗannan mutane sun fi mu talabijin nesa ba kusa ba. Abin da suka yi shi ne sun ware wa wasan makaranta lokacinsa sun kuma tsare shi. Mu kuwa mun saki namu tun kafin abokin takara ya bayyana.

Yadda muka sake shi kuwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi aikin koyarwa. Ranar wasa ta dā 'yar makarantar kwana ce. Ɗalibi yana hannun makaranta dare da rana, an tsara masa lokacin aji, lokacin barcin rana, lokacin fita fili, kuma fita fili dole ce, ana kiran suna. Akwai gasa tsakanin gidajen kwana, daga cikinta ake tace 'yan wasan makaranta. Akwai abinci, akwai mota da direba da mai, akwai kason kuɗin wasanni. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, yara suka yi ta kwarara cikin makarantu. Rukunin farko ya kammala firamare a 1982, shekarar da kuɗin man fetur ya faɗi har gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. Ga ɗalibai sun ninka, ga kuɗi sun ja baya. Mafita ita ce sakandaren jeka-ka-dawo, aka yi ta buɗe su gari-gari. Wannan alheri ne babba, don ta haka ne 'ya'yan talakawa da yawa suka ga ƙofar sakandare, amma makaranta ce da ake kullewa da azahar. A wasu makarantun birni ma sai aka raba karatu biyu, 'yan safe da 'yan yamma, ta yadda lokacin da ake fita fili a dā ya koma lokacin darasi. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Motar makaranta ta lalace aka ɗora ta a kan duwatsu. Malamin wasanni aka ƙara masa darasin lissafi ko na kimiyya saboda ƙarancin malamai. Aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, waɗanda kowane malamin da suka yaye ya san yadda ake auna fili da busa usur. Inda ake neman wurin gina sabon aji, filin ƙwallo ne ya fi kusa da hannu. Ko a 2021, bayan sace ɗalibai a Kagara da Jangebe, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na bayan gari saboda tsaro. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da mai gidan kallo yake da hannu a ciki.

A yankinmu akwai wani dalili na daban wanda mutanen birni ba su cika lura da shi ba, kuma shi na fi so dattawanmu su duba, tun da a gabansu aka yi. Kafin ruwan Tiga, shekarar manomin Kura da Bunkure kashi biyu ce. Da damina ana gona. Da an yi kaka an kai amfani rumbu, sai rani ya buɗe: masu tafiya cin rani su tafi, masu rini da bugu na Kura su duƙufa kan sana'arsu, samari su sami sararin dambe da kokawa da langa a dandali. Rani lokacin wasa ne, kuma ƙwallon makaranta ma a cikin wannan sarari ta sami wurin zama. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Bagauda, ya gina ta Tiga wadda aka kammala a 1974, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka tsara hekta 22,000 a kashin farko na aikin, sannan hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 ta karɓi ragamarsa. Daga nan shekara ta daina rabuwa biyu. Shinkafa da damina, ana yanke ta a shiga gyaran ƙasa don alkama da tumatir da albasa da masara, kafin a gama kwashe waɗannan an fara yafa irin shinkafa. Babu watan da hannun matashi ba shi da daraja.

A dubi ɗan aji biyar a sakandaren jeka-ka-dawo a Karfi ko Gafan ko Ciromawa ranar da layinsu yake da ruwa. Yana dawowa daga makaranta ya cire kayan makaranta, ya ci abinci a tsaye, ya saɓa fartanya ya ɗebi bututun roba ya nufi gona. Ruwan ya taso daga Tiga ta babbar kanal, ya rarrabu ta ƙanana har ya iso kwatar da ke gefen gonarsu. Ya tsoma bututu ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya kwantar a kan gaɓa, ruwa ya kama zuba. Daga nan sai bin fangali, buɗe wannan, toshe wancan, ƙafa cikin taɓo har idon sawu, yana lura kada ruwa ya ɓalle ya shiga gonar maƙwabci a yi rigima. Idan ya bari layin ya wuce su, sai wani zagayen, kuma tumatir da ya fara fure ba ya jure ƙishi. Wannan yaro ƙarfe huɗu na yamma ba tasa ba ce. Daga Janairu zuwa Afrilu, wato zangon karatu na biyu da aka saba yin wasannin makarantu a cikinsa, shi ne daidai lokacin da Kwanar Gafan take cika da kwanduna, ana lodin motoci zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Tsinka, ɗauka, jera kwando, ɗaure, duk aikin samari ne, kuma kuɗin hannu ake biya kafin magariba. A cikin garin Kura ga injinan casar shinkafa, ga shanya, ga ɗinkin buhu da dako. Yaron da yake sayen littafinsa da takalminsa daga wannan gumi, wani lokaci har ya kawo cefane gida, ba za a ce lalaci ne ya hana shi zuwa atisaye ba. Gidan kallo kuwa yakan same shi ne da daddare, bayan ya wanke taɓo, lokacin da babu makarantar da take buɗe, babu kuma filin da yake da fitila.

Kada a ɗauka ina kuka da noman rani. Allah ya jiƙan Audu Bako, ruwan nan shi ya tsayar da samarinmu a gida, ya mai da Kura sunan da ake ambata duk inda ake cinikin shinkafa a ƙasar nan. Abin da nake cewa shi ne lokaci ya yi tsada a yankinmu, fili ma ya yi tsada. Na san wata makaranta a yankin nan, ba sai na kama suna ba, inda da damina rabin filin ƙwallo yake komawa gonar masara, ɗaya rabin kuma hanyar babura ce zuwa gonaki, don babu katanga. Sandunan gola suna nan a tsaye, amma babu wanda zai iya buga wasan minti casa'in a wurin.

Akwai kuma wata tambaya da nake yi cikin ladabi: ranar wasan da ake kewa, ta su wa ce? A shekarun 1960 yaro nawa ne daga ƙauyukan Bunkure yake samun shiga sakandare? A ƙauye guda ana iya ƙirga su da yatsun hannu, wani ƙauyen ma babu ko ɗaya. 'Yan mata kuwa ba a ma maganarsu. Waɗanda suka je Rumfa ko Rano ko Birnin Kudu ko kwalejin malamai ta Wudil zaɓaɓɓu ne, gwamnati ta ɗauke musu ci da sha da sutura har da sabulu. Ƙasa tana iya yi wa 'yan ɗaruruwa wannan gata. Da ɗalibai suka koma dubun dubata, sai aka ba kowa kujera, ko ma tabarma, aka janye sauran. Don haka idan wani dattijo ya ce yaran yanzu ba su da kishin makarantarsu, sai in ce: Baba, makarantar da ta ciyar da ku, ta kwantar da ku, ta ɗinka muku riga mai lamba a baya, ta zuba ku a mota ta kai ku Zariya wasa, dole ku yi kishinta. Jikanku makarantarsa ba ta taɓa miƙa masa ƙwallo ko ɗaya ba.

Da a ce son ƙwallon gida ya mutu a zukatan matasa, da na sallama. Amma shekarun da gidajen kallo suka fi bunƙasa su ne shekarun da Kano Pillars ta fi haskawa. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ci gasar Nijeriya a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta jera kofi uku a 2012 da 2013 da 2014, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata yana cikin filayen da suka fi cika a ƙasar nan, kuma a cikin masu kiran "Sai Masu Gida" akwai samarin Kura da suke cika motocin haya su shiga birni, su dawo da daddare. Su ne dai waɗanda za ka gani a gidan kallo ranar Lahadi. Ahmed Musa ya taka leda a Pillars, ya tafi Turai har Leicester, ya dawo ya sake sa rigar Pillars, jama'a suka yi cincirindo. Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, a gida ya yi sunansa, kuma yaran da suka haddace 'yan wasan Barcelona sun san shi sarai. Gasar kofin Ramat ta matasa, da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala, tana nan tana tara yara daga jihohi.

A ƙauyukanmu ma haka abin yake. Babu unguwar da ba ta da ƙungiya. Ana karo-karo a sayi ƙwallo da riguna, wani matashi da bai taɓa zuwa kwas ba ya zama koci, a share fegin wani da bai tashi gini ba ko gonar da aka girbe kafin a sake huɗa, a kafa sanduna. Ranar wasan ƙarshe na kofin ciyaman ko na wani ɗan takara, ko wasan bayan Sallah tsakanin gari da gari, jama'ar da take taruwa ta fi ta kowace ranar kwaleji da aka taɓa yi a yankin nan. Ƙwallo tana nan da ranta. Ƙaura ta yi daga makaranta ta koma unguwa, domin a can ne ta sami masu kula da ita.

Wannan ƙaura ce ainihin asarar, kuma a nan nake ganin dattawanmu sun ji ciwon daidai, wurin da suka nuna ne ba daidai ba. A makaranta akwai rajista, an san shekarun kowa, ba a haɗa ɗan sha huɗu da mai gemu. Wanda ya faɗi jarrabawa ana iya ajiye shi a benci, don haka ƙwallo tana tura yaro aji. Akwai malami a bakin fili, wanda ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu ya san abin da zai tarar gobe a taron safe. Gasa tana dawowa kowace shekara ko da wa yake mulki. A unguwa kuwa kofi yana zuwa da kakar zaɓe ya tafi da ita, ana hayar 'yan wasa daga birni, wasa yakan tashi da jifa, kuma yaro mai baiwa yakan ga cewa sai ya bar aji kafin ya yi nisa a ƙwallo. Daga nan ne 'yan damfara masu alƙawarin kai yara Turai suke samun ƙofa, a sayar da gona a biya su, su ɓace.

Gidan kallo shi ma yana da nasa laifin, ba zan wanke shi tas ba. Wasannin zakarun Turai na daren Talata da Laraba suna kai yara goma na dare ko fiye, gobe a zo aji ana gyangyaɗi. Musu yakan koma zagi, zagi ya koma dambe, a kan ƙungiyoyin da ba su san da zamanmu ba. Mafi muni ita ce cacar ƙwallo da ta biyo bayansa ta shiga wayoyin yara, tana cinye kuɗin da aka sha rana aka samu a gonar tumatir, har Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata iyaye da malamai da masu unguwanni su tsaya a kansu. Amma ko yau aka kulle kowane gidan kallo daga Kura har Rano, gobe da la'asar ba za a ga motar makaranta ta fito da 'yan wasa ba, saboda babu motar, babu mai horarwa, babu gasar da za a je.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na ɗauki alƙalami shi ne, ɗora laifi a kan tauraron ɗan adam yana sauke mana nauyi. Idan Turawa da na'urarsu ne suka yi ɓarnar, to babu abin da ya rage mana sai zama a majalisa muna tuna baya. Idan kuwa fili ne da lokaci da malami da abin hawa, duk waɗannan suna cikin ikonmu. Masu kewar nan ba ƙananan mutane ba ne. A cikinsu akwai tsofaffin daraktoci da shugabannin makarantu, da masu injinan shinkafa, da shugabannin ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, da masu faɗa a ji a ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Gwamnatin tarayya ta farfaɗo da gasar kofin shugabannin makarantu a 2021, gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, amma gasar da aka buɗe a Legas ba za ta share filin Bunkure ba, kuma mai neman rufin aji da kujeru ba lalle ne ya tuna da raga ba sai an tuna masa.

Makarantun sakandare na Kura da Bunkure da Garun Malam suna kusa da juna, mota ɗaya ta haya ta isa ta kai ƙungiya ta dawo da ita kafin isha'i. A fara da auna filayen makarantu a kafa musu shaida, ko da shingen itatuwa ne, kafin a wayi gari an yanka su. A nemi matasan nan da suke horar da ƙungiyoyin unguwa kyauta a haɗa su da malaman makaranta, a ɗan ba su alawus, da sharaɗin cewa sai mai suna a rajista zai sa riga. A zauna da manoma a fitar da makonnin da aiki yake sassautawa, kamar farkon zangon farko lokacin da shinkafa take tsaye kafin tsuntsu ya sauka mata, maimakon a kwafo jadawalin birni a ɗora a tsakiyar tsinkar tumatir. A zaɓi rana ɗaya a mako, misali Alhamis bayan la'asar, lokacin da ba ya cin karo da wasannin Firimiya na Asabar da Lahadi, a roƙi iyaye su saki 'yan wasa a wannan yammacin, a daidaita layin ruwa da shi inda zai yiwu. Masu gidajen kallo ma a shigo da su. Allon da suke rubuta wasannin mako da alli a ƙofar shago, wanda kowane matashi a gari yake tsayawa ya karanta, zai iya ɗaukar layi ɗaya na wasan sakandaren Kura da ta Bunkure, kuma a cikinsu akwai waɗanda za su sayi ƙwallo da usur idan shugaban makaranta ya taka ya same su.